Ilimin haske da haɗin gwiwar ƙasashe: ina rabon Damagaram a ciki?

Wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe ta lisans a fannin fiziks a nan Damagaram ta rubuto mini. Ta ce ta ga sanarwar wani shiri da ke haɗa masu bincike na ƙasashe daban-daban a kan amfani da haske wajen aikin likita, nazarin halittu da kula da muhalli, kuma zuciyarta ta karkata can. Da ta faɗa wa mahaifinta sai ya ce wannan karatun ƙosassu ne, garin da ake bin layin ruwa, wuta kuma ta zo ta koma, ba leza (na'urar da ke fitar da siririn haske mai ƙarfi) yake buƙata ba. Tambayarta biyu ce: shin maganar Baba haka take, in kuwa ba haka ba ne, ta wace ƙofa ɗan Nijar ke shiga?

Ƴata, ki gaishe mini da Alhaji, ki ce masa maganarsa tana da tushe. Na haura shekara 20 ina koyar da wannan fanni ina kuma gyaran na'urorinsa, na ga abin da ke sa dattawa faɗin haka. A wani ɗakin gwaje-gwaje na taɓa tarar da madubin likita da aka kawo kyauta daga Turai, kuɗinsa ya kai na mota, an lulluɓe shi da zane kusan shekara uku. Da na buɗe, ba abin da ya same shi sai ƙwan fitilarsa da ya ƙone ranar da wuta ta dawo da ƙarfi. Babu irin ƙwan a Kasuwar Dole, babu a Yamai, waɗanda suka kawo shi kuma sun rufe shirinsu sun tafi. Na kwance mazaunin ƙwan, na dasa farin LED, irin ƙaramin ƙwan fitilar da ke cikin tocilan zamani, na haɗa shi da batirin babur. Washegari ma'aikacin wurin ya ɗora gilashin jinin wani yaro, ya murɗa a hankali, ya kira ni in leƙa: ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro nan zaune cikin ƙwayar jini kamar ɗan zobe mai dutse ɗaya. Shekara uku ana tura marasa lafiya wani wuri saboda abin da bai kai jaka biyu ba.

Irin wannan haɗin gwiwar, wanda ke sauke kaya ya ɗauki hoto ya tafi, shi Alhaji ya sani, kuma ya yi daidai da ya raina shi. Amma akwai wani iri, na gan shi yana aiki, kuma abin da ya raba su ɗaya ne: a hannun wa ilimin na'urar yake zama bayan baƙi sun koma gida.

Kin san tushen abin daga aji, amma zan faɗa saboda Alhaji da sauran masu karatu. Tsofaffinmu sun saba murɗa rediyo suna neman tasha a gajeren zango, mita 19 ko mita 25. Haske ma zango gare shi, sai dai nasa ƙanana ne ƙwarai, ana auna su da nanomita, wato a raba mita ɗaya gida biliyan. Ido na ganin daga wajen 400, inda shuni yake, zuwa wajen 700, inda ja yake. Ƙasa da haka akwai hasken UV, sama da haka akwai hasken bayan-ja, duka biyu ido ba ya ganinsu amma na'ura na gani. Kowane abu, jini ne, ganye ne, ƙura ce, yana haɗiye wasu zangunan ya mayar da wasu, kuma yadda yake yin hakan nasa ne shi kaɗai, kamar tsagar gado a fuska. Wanda ya iya karanta tsagar ya san abin ba tare da ya yanka ko ya zuba sinadari ba. Shi ya sa nake cewa wannan fanni ya fi dacewa da matalauci, domin sinadarin gwaji yana ƙarewa, zafin watan Afrilu yana lalata shi, haske kuwa ba a sayen sabo kowane wata.

Ɗauki ɗan abin nan da ake maƙala wa yaro a yatsa idan numfashinsa ya yi sama. Ƙananan fitilu biyu ne a ciki, ja mai zango 660 da bayan-ja mai zango 940. Jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin da wanda ya rasa ta ba sa haɗiye waɗannan biyu daidai, daga bambancin ake fitar da lambar da malamin asibiti ke karantawa. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. A 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka suka duba marasa lafiyar da na'urar ta ce oksijin ɗinsu yana tsakanin 92 da 96 cikin ɗari, suka kwatanta da awon jini kai tsaye. Cikin baƙar fata, kashi 11.7 cikin ɗari na awon ya nuna a gaskiya suna ƙasa da 88, cikin farar fata kuwa kashi 3.6 ne. Na'urar tana iya cewa lafiya lau alhali mutum na cikin haɗari, kuma ta fi yi wa mai fata irin tamu haka, domin a kan fata mai haske aka fi daidaita ta. Ƙara da baƙin lalle da jan farce, waɗanda su ma kan rikita awon. Idan babu namu a teburin da ake gwada waɗannan na'urori, za mu ci gaba da sayen ma'aunin da aka yanka wa wani.

Akwai kuma inda aka fara daga matsalarmu. Shawarar jarirai tana kashewa, tana kuma barin yaro da kurumta ko lalurar ƙwaƙwalwa. Maganinta shuɗin haske ne, wajen zango 460 zuwa 490, wanda ke sauya sinadarin da ya taru a jiki har jinjiri ya iya fitar da shi. A wani asibiti a Ingila aka fara lura da haka a shekarun 1950. Matsalar ita ce fitilar tana son wuta dare da rana. Sai likitocin Legas da abokan aikinsu na Amurka suka gwada rumfa da aka rufe da wata leda ta musamman, wadda ke tare hasken UV da wani kaso na zafi ta bar shuɗin ya wuce. Sun gwada a kan jarirai 447, aka buga sakamakon a 2015: tataccen hasken rana ya yi aiki a kashi 93 cikin ɗari na ranakun jinya, fitilar asibiti a kashi 90. Ina roƙon duk mai karatu kada ya ɗauki wannan ya shanya jinjiri a rana. Ledar ta musamman ce, ana auna zafin jikin yaron a kai a kai, kuma ranar Legas ba ranar Damagaram ba ce. Kafin a yi shi a nan sai wani ya auna yadda rumfar za ta kasance a zafin da ya haura digiri 40, kuma wannan awon aikin ɗan fiziks ne.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na wata ƙungiya da ake kira AFSIN, wadda Farfesa Jérémie Zoueu na Yamusukuro a Kodebuwa ya jagoranta, da tallafin shirin kimiyya na Jami'ar Uppsala, da haɗin masana na Jami'ar Lund, duka a Suwidin. Sun ɗauki madubin likita na yau da kullum, suka cire fitilarsa, suka sa LED 13, kowace da zangonta, daga 375 zuwa 940, suka ɗora kyamara. Ana ɗaukar hoton jini da kowace fitila bi da bi, kwamfuta ta haɗa. Ƙwayar zazzaɓi tana cin sinadarin da ke sa jini ja, ta bar wani baƙin gari a matsayin kashinta, kuma ƙwayar jinin da aka ci tana amsa haske dabam da lafiyayya. Burin shi ne a gane ta ba tare da rina jinin ba. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka raba na'urar. An tara masu bincike daga ƙasashe irin su Gana, Mali, Senegal da Kenya a wurin bita, suka harhaɗa ta da hannunsu, sukurori da wayoyi da komai, kowa ya koma da tasa. Wanda ya ɗaura sukurin da kansa ba zai lulluɓe na'ura da zane don ƙwai ya ƙone ba. Har yanzu wannan dabarar ba ta maye gurbin gwajin da ake yi a asibitocinmu ba, amma ta haifar da matasa masu digirin dokta a Afirka ta Yamma waɗanda suka san haske ciki da waje.

Wasu abubuwan ma sun riga sun shiga aiki. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma duba kakin masu tarin fuka da madubi mai shuɗin LED, inda ƙwayar ke walƙiya a kan duhu, ya fi tsohuwar hanya kamawa kuma ya fi sauri. A Kamaru an maƙala wayar hannu a kan ɗan madubi, tana ƙirga tsutsar Loa loa daga motsinta a ɗigon jini cikin ƴan mintuna, aka gwada fiye da mutum 16,000 a gundumar Okola kafin a ba su maganin da ke iya yi wa mai tsutsar da yawa illa. Ana gwada irin wannan a kan ƙwan tsargiya cikin fitsari, kuma duk wanda ya ga yaranmu na iyo a tafki bayan damina ya san wannan namu ne.

Ta ɓangaren halittu, labari ɗaya ya isa. A 2016 masanan Lund da na cibiyar binciken lafiya ta Ifakara suka kafa lidar a ƙauyen Lupiro na Tanzaniya. Lidar leza ce da ake harbawa, na'ura ta tsaya tana karɓar abin da ya dawo. Duk ƙwaron da ya gifta ta cikin hasken sai ya yi ƙyalli daidai da bugun fukafukinsa, kuma namijin sauro ya fi mace saurin bugu, don haka ana iya raba su daga nesa. Cikin ƴan kwanaki suka ƙirga giftawa fiye da 300,000. Husufin rana na 1 ga Satumba 2016 ya same su a wurin, suka ga dushewar hasken ta tada mazan sauro da rana tsaka. Mai kama sauro da tarko ba zai taɓa samun lissafi na minti-minti irin wannan ba.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya ki yi tunani, domin Damagaram ta daɗe cikin wannan haɗin gwiwa, yawancinmu ne ba mu sani ba. A cikin jerin tashoshin AERONET, wadda hukumar NASA da masanan Faransa ke gudanarwa, akwai tasha mai sunan filin jirgin saman Zinder, akwai ta Maine-Soroa, akwai ta Banizumbu kusa da Yamai wadda aka kafa a shekarun 1990. Na'urar kamar ƙaramar bindiga ce mai baki biyu a kan ƙafa, tana juyawa da kanta ta fuskanci rana, ta auna yawan hasken da ƙura ta tare a zanguna daban-daban. Daga nan ake sanin kaurin hazo da girman ƙwayoyinsa. Taurarin ɗan'adam da ke auna ƙura daga sama da irin waɗannan tashoshi ake tantance gaskiyarsu. Kuma na'urar ba ta rayuwa sai da mutum: gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta, ko zanzaro ya fara gini, awon ya lalace, sai wani ya hau ya share.

Hazon da ke rufe mana gari a hunturu, har mutum ya kalli rana ido da ido kamar faifai, yawancinsa daga arewa maso gabas yake tasowa, musamman kwarin Bodele na Cadi, busasshen gindin tsohon tafki inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Tauraron CALIPSO na Amurka da Faransa, wanda aka harba a 2006 da lidar a cikinsa, ya ba da damar lissafa cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, wajen tan miliyan 27 kuma na sauka a dajin Amazon yana zama masa taki. A shekarar 2006 ɗin aka yi babban gangamin AMMA na nazarin daminar Afirka ta Yamma, har Amurka ta girke tashar awo mai tafiya a Yamai shekara guda. Su abin da ya fi damunsu yanayin duniya ne. Mu kuwa ƙurar nan lokacinta ɗaya da sanƙarau. Binciken da aka yi da alƙaluman Nijar ya nuna ƙura da iskar farkon rani suna taimakawa wajen hasashen yadda cutar za ta yi a shekarar, kuma masana na ganin busasshiyar iska mai ƙura tana raunata cikin hanci da maƙogwaro har ƙwayar ta samu hanya. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Rigakafi ne maganin sanƙarau, awon ƙura ba ya maye gurbinsa, amma yana iya gaya wa hukuma ta kai allura Dungas ko Magarya da wuri. Alƙaluman tashoshin nan kyauta suke a intanet. Abin da ke mini ciwo shi ne, na fi ganin sunan garinmu a taswirar binciken da a jerin waɗanda suka rubuta shi.

Ki gaya wa Alhaji gawon da ke gonarsa ma yana cikin lissafi. Ganye mai rai yana haɗiye ja ya mayar da bayan-ja da ƙarfi, da haka tauraro ke bambanta kore da busasshe, da haka kuma cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, ke bin lafiyar makiyaya. Da aka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, Gray Tappan na Amurka da Chris Reij na Holan da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka nuna cewa manoma sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ta hanyar barin tsiro da sassabe mai kyau, kuma Magarya, Matamai da Mirriya suna sahun gaba. A 2020 wata tawaga da Jami'ar Kopenhagen ta jagoranta ta ƙirga itatuwa biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya a yammacin Sahara da Sahel. Ga inda ɗan gida ya fi: gawo yana kakkaɓe ganye da damina ya yi kore da rani. Baƙon da bai san haka ba zai ɗauki hoton watan Agusta ya ce babu itace, alhali yaron da ke kiwo a Kance zai gyara masa lissafi.

Kada kuma a ce miki wannan ilimi baƙo ne. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, kuma an tuna da shi a 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar ga haske. A gida kuwa muna da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya yi digirinsa na dokta a kan madubin da ke tara hasken rana, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, jami'ar Yamai kuma ke ɗauke da sunansa.

Ƙofofin shiga sanannu ne. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana yin kwas na ilimin haske kowace shekara, tana kuma ɗaukar nauyin ƴan ƙasashe masu tasowa. Akwai ƙungiyar LAM ta masana leza na Afirka da aka kafa a Dakar a 1991 ƙarƙashin Farfesa Ahmadou Wagué. Ke mace ce, don haka ki riƙe sunan OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, wadda ta saba ba mata guraben karatun dokta. Duk waɗannan da Ingilishi ake yawancin aikinsu, ki fara gyara shi tun yanzu, Kano ba ta da nisa. Ki koyi Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ki koyi riƙe abin walda na lantarki, domin mai iya lissafi da ba ya iya gyaran waya rabin ma'aikaci ne a ƙasarmu. Idan wani shiri ya neme ki, ki tambaya da ladabi, ba tare da jin kunya ba: wa ya zaɓi tambayar da za a bincika, kwafin alƙaluma zai zauna a nan, sunan wa zai fito a takarda, ina kayan gyara, wane ma'aikaci za a horar. Abokin aiki na kirki yana jin daɗin waɗannan tambayoyi. Samfurin jini ko fitsari kuwa ba ya fita sai da yardar mai shi da amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa, komai matsin da aka yi miki.

Masu zaɓen ɗalibai a waɗannan wurare sun fi kula da wanda ya taɓa auna wani abu da hannunsa, don haka kada ki jira gurbi. Fitilar shawara tana tsufa tana ci gaba da yin shuɗi a ido alhali ƙarfinta ya faɗi, kuma jinya mai ƙarfi tana buƙatar aƙalla mikrowat 30 a kowane murabba'in santimita a kowane nanomita. Ki nemi izinin malamanki da na shugabannin ɗakunan haihuwa, ki haɗa ɗan ma'auni da ƙwayar karɓar haske da matatar shuɗi, mu daidaita shi da ma'auni na ƙwarai, sannan ki bi gadajen ɗaya bayan ɗaya ki auna a daidai inda ƙirjin jinjiri ke kwanciya, ki rubuta nisan fitila da tsawon lokacin da ta yi tana aiki. Inda kika samu rauni, sau da yawa sauko da fitilar kaɗan, ko share ƙurar gilashinta, ko shimfiɗa farin zane a gefe yana ɗaga lambar nan take, ungozoma na tsaye tana gani. Ki zo ranar Asabar da safe da littafin rubutu, ina da ƙwayoyin karɓar haske guda biyu da na ciro daga wata tsohuwar na'ura, da su za mu fara.